Rasit ɗin da Babu

Na dawo At-Bashi da akwati guda,
da baƙon harshe mai ɗan tsami a bakina,
da hoton wani ɗakin gilashi
da na gani can ƙetaren teku,
inda tumatir ke nuna, ƙanƙara na zuba a waje.

Shekara guda na yi a gidan mutane.
Sun koya mini cin abinci a tsaye,
na koya musu shan shayi da gishiri.
Ranar sallama matar gidan ta riƙe hannuna:
abin da kika gani, kar ki bar shi ya mutu a ido.

Sai ga sanarwa. Waɗanda suka je karatun musaya suka dawo
su nemi ɗan tallafi don garinsu.
Ɗan tallafi, haka suka rubuta, kuma ba su yi ƙarya ba,
bai kai kuɗin dawakai biyu ba.
Dare tara ina cike gurabe,
ina goge "mafarki", ina rubuta "manufa".
Kakata Begaim ta leƙo ta kan kafaɗata:
Colpon, wa ke ba da kuɗi saboda rubutu?
Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Kuɗin ya iso watan da tumaki ke saukowa daga dutse.
Na sayi ƙarafa, na sayi ledar rufi, na sayi iri,
aljihu ya ce iyakata ke nan.
Bangon arewa kuwa ko tubali ɗaya babu.

Tsoho Esenbek ya zo da akwalar motarsa
cike da duwatsun bakin kogi, sawu bakwai.
Na miƙa kuɗin mai, ya dube ni
kamar na zagi uwarsa.
'Yan aji shida suka kwaɓa laka da ƙafa har ta yi musu takalmi.
Mai gadin makaranta, da ya rantse aikin banza ne,
shi na kama da asuba yana gyara ƙofar.

A Disamba iska ta sauko daga kan tsauni
ta yage rufin tun daga sama har ƙasa.
Na tsaya cikin sanyi ina kallon tsirrai suna sunkuyar da kai.
Ko sisi babu. Kuka ma daskarewa ya yi.

Kafin magariba sai ga mata,
masu ɗinkin dardumar ulu, kowacce da allurarta a ƙirji.
Begaim ce a gaba, ba ta ce mini komai ba.
Suka ɗinke leda kamar rigar jika,
suka lulluɓe ta da tsohon bargon tanti,
aka hura busasshen kashin tumaki a murhu har gari ya waye.
Allura uku suka karye a daren.

Ƙarshen Fabrairu muka tsinki kokwamba goma sha ɗaya.
Aka yanka siriri-siriri don ta isa.
Jomart, wanda bai cika magana ba,
ya tauna nasa a hankali, ya lumshe ido:
Malama, wannan ai watan Yuli ne.

Yanzu ga ni gaban takardar rahoto.
A haɗo rasit na duk abin da aka kashe.
Na ƙarfe yana nan, na leda yana nan, na iri ya ɗan jiƙe.
Na duwatsu fa? Na tafin ƙafar yara?
Wane kanti ke buga hatimi a kan daren Disamba?

Mutum nawa suka amfana? Gurbin ɗan ƙarami ne,
lamba kawai yake ci.
Na rubuta sittin da huɗu,
na soke, na tuna da mai gadi.

Gobe zan shiga kasuwa in sayo allura uku.
Wannan da kuɗina ne.